Batirin Da Ke Cikin Rumbu

Ina ɗaure akuya a gindin darbejiya mai babur ya tsaya a ƙofar gidanmu, bai ko kashe inji ba. Ya ce Yaya ya faɗi a kasuwar Minjibir da hantsi, ya cika. Surukansa da ke can sun ce saboda zafi za a yi jana'iza bayan La'asar. Inna ta yi salati, ta ɗauki mayafi, ta ce a kai ta ta ga ɗanta kafin a ɗauke shi.

Shekarun nan ne da mai ya yi wuya, taki ya gagari talaka. Motar haya sai ranar kasuwa take biyowa ta ƙauyenmu. Daga mu har Bagwai, mota ɗaya muka sani, tsohuwar akori-kurar Yaya, ita ma wata biyar ke nan tana kwance. Duk wanda ya zo aro, ko na kai amarya ko na ɗauko taki, Yaya kan miƙa masa mukulli da fara'a. Mutum ya murɗa, ya ji ƙas, shi ke nan. Sai Yaya ya taya shi jimami, har ya raka shi bakin hanya.

Na ɗauko mukullin na murɗa, ni ma ƙas na ji. Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ya taɓa yin wata biyu yana bin babbar mota, ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi wuri. Ya kankare kan batir da wuƙa, ya zuba masa ruwan zafi, ya ƙwanƙwasa shi da dutse. Ya shiga ƙarƙashi ya bugi wani ƙarfe da taɓarya, ya fito da ƙasa a gemu. Daga nan ya ce a tura. Masu zuwa gaisuwa suka ajiye takalma, muka gangara da ita har bakin fadama, tana ta shiru. Dawo da ita kan tudu ya fi wuya. Inna tana zaune a kan turmi tana kallon inuwa.

Ana kiran Azahar matar Yaya ta kira ni ta bayan zana. Murya ƙasa-ƙasa ta ce batirin da ke cikin motar mushe ne, maigidan ya tsinto shi a gareji don masu aro. Na gaskiyar yana cikin rumbu, ƙarƙashin damin gero, da galan ɗin mai a gefensa. Duk Juma'a idan gari ya tafi masallacin Bagwai, yakan makara da gangan ya ɗumama injin.

Na faɗa wa Baffa. Ina jin sai da ya lissafa sau nawa aka raka shi bakin hanya. Sai ya ce rumbun mamaci ba a buɗe shi sai ranar rabon gado, gaban shaidu.

Inna ta ce, “To kai shaida ne. Ɗaga murfin.”

Shi ya hau da kansa. Ya miƙo batirin a naɗe cikin tsohon buhu, yana cewa Allah ya jiƙan yaron nan, amma ya iya mugunta. Wani daga cikin waɗanda suka yi turi ya ce shi dai ya yafe, ban da bayansa. Murɗawa ɗaya ta tashi. Na ji kunyar dariyar da ta kuɓuce mini, sai na ga kafaɗar Inna ma tana motsi a cikin mayafi.

Mun isa an gama wanka, an sa shi a likkafani, maza suna jira a zaure. Aka ba Inna wuri. Ta durƙusa, ta dafa kansa, ta yi addu'a mai tsawo. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta ce, “Na yafe maka duniya da lahira. Amma kai da Baffanka…”

Nan liman ya yi gyaran murya, aka shigo da makara. Ta ja da baya ta ba su hanya. Ta rayu shekara tara bayan haka, ban tambaye ta ba, ita kuma ba ta ƙarasa maganar ba.