Man Aduwa don Ɗan Fari

Na haifi ɗana na fari a wani ƙauye kusa da Allakaye, can ƙasar Adar, a shekarun da mutane ke farfaɗowa daga farin nan da ya ƙarar da shanu. Babansa ya tafi ci-rani tun bayan girbi, ya bar ni da uwarsa, wadda nake kira Inna. Yaron bai fara zama ba ƙuraje suka feso masa a wuya da matsematsi, jajur. Da na kai shi likita a Buza ranar kasuwa, matar da ta duba shi ta ce sabunin kanti da muke wanki da shi ne ke cin fatarsa. Muka daina yi masa wanka da shi. Amma zafi ya shigo, ga gumi ga nono na taruwa a wuyansa, ruwa zalla ba ya fitar da su, ƙurajen suka ƙi tafiya.

A wurinmu mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa gaban manya, balle gaban suruka. In yana kuka wajen wanka sai in sunkuyar da kai ina tsintar gero.

Na taɓa jin cewa Inna ta iya dafa sabuni tun tana budurwa. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na durƙusa na ce ina so ta koya mini.

"Na mi?" in ji ta.

"Na wanki, Inna."

Na wanki ta koya mini. Muka ƙone karan gero, muka zuba tokar a tukunya mai huda a gindi, muka bi ta da ruwa, ruwa na ɗiga a ƙwarya, ja kamar shayi. Ta aike ni wurin mahauci na samo kitsen sa, muka narkar, muka haɗa da ruwan tokar nan mai ƙarfi. Ina ta tuƙi da muciya cike da murna. Abin ya yi kumfa, ya yi kauri, ya fara barin jikin tukunya, wai ni ce na yi sabuni! Da ya sha iska na wanke zane da shi, zanen ya fita tas. Kafin la'asar yatsuna sun fara saɓa. Na dubi yatsun, na dubi wuyan yaron, na ajiye curin can bayan randa.

Sai na yi nawa lissafin. Tunda kitse ne mai kaushi, man da ya fi kowane taushi shi zai yi. Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono, na ba ta gero ta kawo mini man shanu cike da ɗan ƙoƙo. Ranar da Inna ta tafi suna a ƙauyen gaba na ɗora tukunya, na juye man duka, na ɗiga ruwan toka kaɗan don kada ya yi zafi. Na tuƙa har kafaɗa ta gaji. Ya tsaya kamar kunu, mai na yawo a sama. Na tura shi ƙarƙashin rumbu ko zai daskare. Kiyashi suka fara zuwa, akuyar Inna ta biyo baya.

Inna ta shigo ta tarar da akuyarta gemu na ƙyalli, tana lashe baki.

"Ke ɗiyar ga, mi kika dahwa?"

"Sabuni na, Inna."

"Na wanki?"

"Na wanki na."

Ta ɗaga ƙoƙon ta shinshina. "Ashe zannuwanki sun zama amare, sai da man shanu aka wanke su."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta ɗauki jikanta daga tabarma, ta ɗaga haɓarsa tana duban wuyan. Shi take yi wa magana, ba ni ba. "Maigida, ka ji? Akwai mai son ka cikin gidan ga, bakinta ya yi nauyi. Gobe sai ta tahi tsintar aduwa."

Na kwana ina ɗokin gari ya waye. Na bi gindin itatuwan aduwa na bakin fadama na tara ƙwallayen da awaki suka tofar, muka fasa da dutse, muka soya 'ya'yan sama-sama, muka daka, muka murza da ruwan zafi kamar ana matsar gyaɗa. Mai ya fito, rawaya, garau. Ban san abin da muke takawa kullum yana da mai haka ba.

Muna aiki Inna na faɗa mini halin kowane. Kitse shi ke tsayar da sabuni, in babu shi ba a curi, amma in ya yi yawa sai kaushi. Man aduwa shi ke lallashin fata, shi kaɗai kuma ba ya tsayuwa. Man shanu ɗan kaɗan ne, a ƙarshe, bayan an janye wuta. Ta sa na zuba man aduwa ya rinjayi kitse nesa, ruwan tokar kuma muka sirka shi.

Da ya fara kauri ta ce in ɗebo kan tsinke, in hura, in taɓa da harshe.

"Ya cije ki?"

"Ya cije ni."

"Ƙara mai."

Na ƙara. Ta sa na kaɗa ɗan kaɗan a ƙwaryar ruwa, sai ga idon mai a sama, to a ƙara ruwan toka. Haka na yi ta yi, in ƙara wannan in ƙara wancan, tukunya na neman cika, Inna na cewa zan yi wa Adar duka wanka. Can na lasa, harshena bai ji komai ba sai ɗan ɗaci, ruwan ƙwarya kuma ya yi kumfa mai laushi ba mai a kai. Na yi ƙara ban sani ba, har kaji suka watse.

Muka cura shi muka ajiye a inuwa ya huta. Ban iya haƙuri ba, kullum sai na leƙa na latsa shi da yatsa. Na gwada a cikin hannuna, na gwada a wuyana, ban ji zafi ba.

Ranar wankan, Inna ta zauna da kwatarniya tsakar gida. Ni na juya baya ina tankaɗe, garin ma ban san inda yake zuba ba, kunnena duk yana can. Na ji ruwa ya zuba. Na jira kukan, sai na ji yana dukan ruwa da tafin hannu.

Ƙurajen ba su tafi ranar ba. A hankali jan ya ragu, suka bushe, suka kakkaɓe. Wata safiya Inna ta ɗaga haɓarsa wajen wanka, ta ce da ƙarfi, wai da kaji take, wuyan maigida ya yi sumul. Na ajiye rariya na zagaya bayan rumbu, na toshe baki da gefen zane, na yi ta taka rawa ni kaɗai, akuyar nan na kallona.

"In kin ƙare rawa," Inna ta ɗaga murya, "kawo zane, maigidana na jin sanyi."