Tofin Iya Abu

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tura ni in hana Iya Abu tofi ba. Shekarar korona ce, azumi ya kama, gari yana cikin dokar kulle. Ina ma'aikaciyar lafiya, mataki na takwas, a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a gindin Dala. Aikinmu a lokacin wayar da kai ne. Kowace a raba mata lungunanta, ta bi gida-gida tana bayanin wanke hannu da sabulu da sa takunkumi da ba da tazara, ta rubuta duk wanda ta samu yana tari ko zazzaɓi, da azahar ta kai wa incaji, wato shugaban asibitin.

Incajinmu Malam Garba ya kira ni ya ce, "Hauwa, an ce mata suna cika gidan wata tsohuwa a lungunki, tana yi wa yara tofi. Ki je ki tsayar da abin nan yau."

Na ce, "Yallaɓai, Iya Abu ce fa."

Ya ce, "Cutar ba ta san Iya ba."

Iya Abu tsohuwa ce tukuf. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk yaron da ya kwana kuka a unguwar, wurinta ake kai shi, ta yi addu'a ta tofa masa a ka da fuska. Ni ma kaina ya sha tofin nan.

Na tafi da farin kayana da takunkumi a fuska da fayil a hammata, ina jin kaina gwamnati. Na tarar da mata sun cika ɗakinta, gwiwa na gugar gwiwa. Maimakon in jira su watse, sai na tsaya a bakin ƙofa na zuba karatun da aka koya mana, har da cewa yawu shi ne jirgin cutar.

Iya ta dube ni ta ce, "Kulu, ke ce a cikin ƙyallen nan? Bakin da ya yi miki tofi kina zanen goyo, yau shi ne mai cuta?"

Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. A fayil na rubuta cewa an gudanar da aiki, amma raina bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Bayan kwana uku na koma bayan la'asar, cikin atamfata da mayafi, da kwanon kunu. Takunkumin dai ban cire ba. Gidan shiru, ko kaza babu. Na durƙusa daga nesa na ba ta haƙuri, na ce ita nake jiye wa, don cutar nan tsofaffi ta fi kayarwa.

Ta ce, "Ni na ci zamanina, 'yar nan. Idan yaran ne zan cutar, na bari har abada. Amma tun da kika zo, ko sallama ba a sake yi mini ba. Jiya da ruwa na buɗe baki."

A nan hawaye suka zubo mini. Ashe masu kawo yaran su ne masu kawo mata kunu da ƙosai, su ne masu share mata tsakar gida, su ne hirarta. Na toshe wa cuta hanya, na haɗa da abincin tsohuwa.

Na ce, "Iya, tofin ba ya yiwuwa daga nesa?"

Ta ce, "Allah ba sai da yawu yake ji ba."

Washegari na fayyace wa Malam Garba komai. Ya yi ɗan faɗansa, ya ce a jarraba, amma idan aka samu cunkoso alhakin yana wuyana. Muka shimfiɗa mata tabarma a cikin soro, muka ajiye buta da sabulu a ƙofar gida. Uwa ta wanke hannu, ta tsaya daga waje da ɗanta, ta faɗi sunansa, Iya ta yi addu'a, uwar ta shafa masa. Mai kwano ta ajiye a dokin ƙofa. Ni kuwa na bi matan gida-gida ina janye maganata, wanda ya fi aikin farko wuya.

A watannin nan unguwarmu ta yi rashin dattawa, wasunsu har yau ba mu san me ya ɗauke su ba. Iya Abu ta tsallake.

Abin da nake gaya wa ƙananan ma'aikata ke nan: kafin ki hana mutum abu, ki bincika me yake ci a cikinsa. Mutanenmu ba taurin kai ne da su ba, wulaƙanci ne ba sa so.

Da aka buɗe gari na kai mata jikata. Na miƙa mata ita ke nan, sai ta nuna mini buta ta ce, "Ke, malamar asibiti, koma ki wanke hannu tukuna."