Che Mdoka, Mai Zubar Da Zagi A Hanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, ina kan keken ɗinki a shagona na kasuwar Mangochi, wani mai sayar da busasshen kifi daga ƙauyenku ya leƙo ya ce mini kai, Che Mdoka, ka rasu da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Ya faɗa ya wuce abinsa. Bai san abin da mutuwar nan ta ɗauke mini ba.

Che Mdoka, kai ba ɗan'uwana ba ne. Kawun Asiyatu ne kai, matar da muka rabu da ita, kuma kai ne nkhoswe na ɓangarenta, wanda ya tsaya wa auren ranar da aka ɗaura shi. Kamar kowane ango a al'adarmu ta nan, ni na tare a ƙauyenku, na gina ɗaki a filin uwarta, aka haifa mana Lukia. Da zama ya ƙi, ba mu rabu da daɗi ba. An yi zage-zage har maƙwabta suka gaji da rabo, yayanta Twaibu ya watso mini kayana cikin ruwan sama, na fito da bargo da keken ɗinkina. Ɗa kuwa a ƙasarmu na dangin uwa ne, kowa ya sani. Kotu ta ba ni damar ganin 'yata, amma hukunci ba shi da ƙafar da zai shiga ƙauye, Twaibu kuma ya rantse in na taka garin sai an kwashe ni.

Ana cikin haka ka zo shagona a kan tsohon kekenka mai ƙara. Na ɗauka gargaɗi ka kawo. Sai ka nemi shayi, ka zauna, ka ce in faɗi duk abin da ke cina. Na yi ta zuba, kana kurɓar shayinka, ba ka kare 'yar ƙanwarka ba, ba ka kuma gyaɗa mini kai ba. Da na yi shiru ka ce, “Suruki, na ji halin Asiyatu, ai a hannuna ta girma. Yanzu gaya mini abin da kake so.” Na ce ina son ganin 'yata. Ka ce da wannan kaɗai za ka koma.

Haka ka yi ta safa da marwa tsakaninmu damina guda, ga taɓo, ga tsufa. Ba ka yarda ka haɗa mu wuri ɗaya ba, don ka ce ba a hura wuta biyu a murhu ɗaya. Wata rana na tambaye ka abin da ta ce, ka ce ta ce yarinya na bukatar takalmi. Na san bakin Asiyatu, na ce ba zai yiwu iyakarta ke nan ba. Ka yi murmushi ka ce, “Sauran ya faɗi a hanya. Keken nan nawa ba ya ɗaukar kaya mai nauyi.” Na tabbata nawa maganganun ma a wannan hanyar suka zube.

Ba a banza ka sha ba. Danginka sun ce ka zama ɗan aiken baƙo. Ƙanwarka, uwar Asiyatu, ta daina gaishe ka har aka yi girbin masara. An ba ni labari Twaibu ya tare ka a gaban mutane ya ce aure ya mutu, aikin nkhoswe ya ƙare. Ka ce masa ranar da aka naɗa ka ba a ce maka in auren ya mutu ka binne shi da yarinyar ba.

Ranar da ka zaunar da mu, a barandarka ka shimfiɗa tabarma, ka sa mu duka muka fuskanci tafki, don kada wani ya ga hararar wani. Doka ɗaya ka kafa: ba a ambaton uwar kowa. A nan aka yanke cewa duk Juma'a za a kawo Lukia gidanka, in zo bayan an sauko daga masallaci, in zauna da ita har la'asar. Ba wanda ya samu duk abin da ya so. Ni na so ta riƙa kwana a wurina, Asiyatu ta so kada ta sake jin sunana. Amma a barandar nan na ga 'yata ta yi giɓi, na ga sababbin haƙora sun fito, na auna ta na ɗinka mata rigar makaranta. Kai kuwa kana gefe kana gyaran taru kamar ba ka jin hirarmu.

Na halarci jana'izarka, na tsaya a sahun baya. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya kula ni. Yanzu Twaibu ne babba a gidan. Juma'ar da ta wuce na je kamar kullum, na tarar da ƙofarka a rufe, na zauna a dakali har aka kira la'asar. Ba a kawo ta ba. Ina jin tsoro, Che Mdoka, ban kuma san wanda zan gaya wa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Yadda ka rufa mana asirin bakunanmu, Allah Ya rufa naka ranar tsayuwa, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalinka, da ƙanwarka, da Twaibu, Allah Ya ba su haƙuri.

Ke kuma Asiyatu, kin yi rashin kawu, na san girman abin da kika rasa, Allah Ya ba ki dangana. Yau babu mai kai miki maganata, don haka ga ta da bakina, ba ta da nauyi: Juma'a mai zuwa ina nan a dakalin.