Fentin Azurfa Ba Ya Rufa Asiri

A lungun shagon gyaran agogo, wani dattijo mai kaurin tabarau yana goge fiffiken ɗan jirgin sama na roba da jiƙaƙƙiyar samfefa. Ya goga, ya ɗaga wa haske, ya sake gogawa. Da ƙyalle yake riƙe shi, kada maiƙon yatsa ya hau. Hannun yana ɗan rawa. Wataƙila tsohon mai fentin mota ne da ƙarfi ya ƙare wa, ido bai ƙare ba.

'Yarsa mai tsaron shagon ta leƙo. "Baba, wannan ɗan kwarzanen wa zai gani? Fesa fentin mu huta."

Bai ɗago ba. "Jan fenti yana rufa asiri, 'yar nan. Na azurfa kuwa, tonon silili ne aikinsa."

Ya sake tsoma samfefar a ruwa.