Tashoshin da Suka Shigo Talabijin ɗin Iya

Ina shekara tara kakata Iya ta zo daga Kano ta zauna da mu a Abu Hamour. A Doha ba mu da murhu, sai kaskon turaren wutarta, kuma shi muke zagayewa ni da ƙanwata Safiya bayan sallar magariba ta yi mana tatsuniya.

A ɗakinta akwai wata tsohuwar talabijin da ba ta da dikoda. Waya ɗaya ce ta fito daga bango ta shiga bayanta, tashoshi uku kawai take kamawa. Wata Juma'a Safiya ta danna rimot, sai ga katun, ga ƙwallo, ga finafinan Indiya, tasha bayan tasha. Muka hau tsalle. Iya ta ƙura wa allon ido, ta tambayi wa ya aiko su. Da muka ce babu kowa, ta yafa wa akwatin zani.

Baba, da yake injiniya ne, ya yi dariya ya ce wataƙila kamfani ne ya buɗe su na ɗan lokaci. Iya ta tura garwashi da tsinke, ta ce mu matso, ga wata tatsuniya ta zo mana.

Wata mata ce rijiyarta ta ƙafe da rani, sai wata safiya ta tarar da ita cike da ruwa. Ta yi shiru, ta shayar da albasarta, ta wanke tufafinta. Ashe gafiya ce ta haƙa rami ta ƙarƙashin katanga, ruwan maƙwabciyarta ke zurarowa. Awakin maƙwabciyar suka rame, biyu suka mutu. Ranar da aka gano ramin, matar ta rantse ba ita ta haƙa ba.

"Gaskiya ta faɗa," in ji Iya, tana kallon Baba da ke tsaye a bakin ƙofa. "Amma wa zai yarda da wadda ta yi wata guda tana shan ruwan ba ta tambaya ba?"

Washegari Baba ya bi wayar har rufin bene. Wani mai gyara ne ya haɗa layinmu da na Alhaji Sule, mutumin Kumasi da ke zaune a hawan sama. Kwana biyu ke nan hoton talabijin ɗinsa na yayyankewa, har ya gaya wa mai kula da gini cewa wani na satar masa layi, kuma yana shirin kai ƙara. Ga baƙon da zamansa ke hannun kafil, wato mai ɗaukar nauyin takardun zamansa a ƙasar, irin wannan ƙara ba wasa ba ce.

Baba ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya yi bayani. Alhaji Sule ya ce, "Da ba kai ka fara zuwa ba, da ban yarda ba. Khalas, ya wuce." Aka raba wayar, ni da Safiya muka yini ba mu kula Iya ba.

A lokacin na ɗauka tsoron sabon abu ne irin na tsofaffi. Sai da na girma na gane ba talabijin take zargi ba, saurin murnarmu ne ya dame ta. Har yau in alheri ya faɗo mini ban san hanyarsa ba, kafin in miƙa hannu nakan tambayi a gidan wa ya ragu.