Nasiru, ɗan bayan da bai ja da baya ba

Ina bakin aiki a asibitinmu na Silver Spring a Amurka, da safiyar wata Asabar, wayar Dawit ta shigo. Dawit ɗan Habasha ne, shi ne abokin rayuwar ƙanena Nasiru, kuma bai saba kirana a irin wannan lokaci ba. Ya ce Nasiru ya yanke jiki ya faɗi a kan ƙanƙara yana cikin koyar da yara wasa, zuciyarsa ce ta tsaya, an yi iya ƙoƙari amma rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekarunsa talatin da uku.

Tun ba a share makoki ba aka fara ba ni shawarar yadda zan riƙa ba da labarinsa. Wai in ce Dawit abokin haya ne, in ce Nasiru bai yi aure ba ne saboda wasa ya ɗauke masa hankali. Na gode wa masu shawara, amma ba zan yi wa ƙanena ƙarya a bayan ransa ba, alhali shi ya ƙi yi wa kansa ita yana raye.

Yana ɗan shekara takwas muka baro Kano muka sauka Landover, ni ina da goma sha biyar. Makarantarsu ce ta fara kai su filin ƙanƙara. Ya dawo da gwiwa a kumbure, yana ba mu labarin wasan hoki, inda ake sa takalmi mai kaifi a ƙasa, a riƙe sanda, a bi wani ɗan faifan roba a guje. Baba, wanda injiniya ne, ya ce wannan wasan mutanen sanyi ne, me ya haɗa Bakano da shi? Amma shi ne ya koma direbansa duk ƙarshen mako. Nasiru ya zama ɗan baya, mai tare hanya da ƙirji. Sau biyu ana karya masa hanci, haƙoransa na gaba biyu a filin ya bar su. A yawancin ƙungiyoyin da ya buga wa, shi kaɗai ne baƙar fata.

Daga baya ne ya gaya mini abin da ke faruwa a ɗakin sauya kaya. A can babu zagin da ya kai a ce wa mutum maza yake so. Wanda ya ji tsoron karo, wanda ya yi raki, wannan sunan ake liƙa masa, a kwashe da dariya. Nasiru ma yana yin dariyar tare da su, ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya ce mini duk raunukan da ya ji a wasa ba su dame shi kamar wannan dariyar tasa ba.

A shekararsa ta uku a jami'a ya daina wannan dariyar. Ana shirin fita wasa wani ya sake jefa kalmar, sai ya miƙe ya ce musu wanda suke zagi yana cikinsu, shi ne, kuma shi ne zai tsare musu baya yau kamar yadda ya saba. Mutum biyu ba su ƙara yi masa magana ba har suka gama karatu. Kyaftin ɗinsu kuwa ya ɗauko jakarsa ya dawo kusa da shi ya zauna, ya ci gaba da ɗaure takalmi.

Gida ya fi wuya. Bayan la'asar ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, ni maza nake so. Haka nake tun da na san kaina. Gara ka ji daga bakina da ka ji a gari." Baba ya tashi ya shige ɗaki. Shekara biyu ba ya amsa gaisuwarsa, shi kuwa bai fasa zuwa gaisuwar ba ko sau ɗaya. Kawunmu na Beltsville ya ce a mayar da shi gida Kano a yi masa ruƙiyya, kuma kada ya sake ganinsa a sahun Juma'a. Nasiru ya ce mini, "Yaya, masallaci ba gidan Kawu ba ne." Juma'ar da ta biyo baya ya sa farar rigarsa ya tafi.

Ni ma ban karɓi maganar da hannu biyu ba, kuma ba zan yi wa kaina ado ba. Na yi kuka, na roƙe shi ya rufa mana asiri. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce asiri na abin kunya ne, shi kuma bai yi sata ba, bai cuci kowa ba.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, gidanmu a hawa na uku yake, na'urar hawa kuma kullum a lalace. Nasiru ne yake goya shi ya sauko da shi zuwa gashin ƙashi, ya goyo shi ya dawo. Shi yake masa wanka, ya yanke masa farce. Dawit yakan tsaya a mota don kada ya ɓata wa tsoho rai, har ranar da Baba ya ce a gaya wa yaron nan ya hau ya ci tuwo. Masu cewa ƙanena ba namiji ba ne, ban ga ɗayansu a kan matakalar nan ba.

Ranar jana'iza wasu manya suka tsaya a ƙofar masallaci suna ƙus-ƙus a kan ko ya dace a yi masa salla. Ina daga ɓangaren mata na ga an turo Baba a kekensa har gabansu. Harshensa ya yi nauyi, amma kowa ya ji shi.

"Ɗana ne, Musulmi ne. Mai yin salla ya shiga sahu, wanda ba zai yi ba ya ba mu wuri."

Kaɗan suka juya, Kawu na cikinsu. Sauran suka shiga sahu. A waje kuwa tsofaffin abokan wasansa ne tsaye, da iyayen yaran da yake koyarwa, sun cire huluna suna jira a fito da shi su raka shi maƙabarta.

Hisabi na Allah ne, bai ba wa kowa aronsa ba. Ya Allah, ga bawanka Nasiru ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa kamar yadda muke fatan ka yafe namu, ka haskaka kabarinsa, ka saka masa da alheri a kan abin da ya yi wa mahaifinsa. Ka ba Baba haƙuri da lafiya. Ka sanyaya zuciyar Dawit, ka ba shi juriyar wannan rashi. Mu da muka rage, ka ba mu ƙarfin faɗar gaskiya a kan namu, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.