Mangwaron Gidan Maƙwabta

Ku da kuka shigo sana'ar ɗaukar hoto kwanan nan, akwai wata Asabar da har gobe ban manta da ita ba. Lokacin ba a daɗe da fara barina in fita aikin waje ni kaɗai ba, daga shagonmu na Hotoro.

Wata malamar makaranta, Madam Rahila, ta zo daga Zariya. Mahaifinta, Baba Ishaya, ya yi aikin kuku a wani gida a Nasarawa GRA, a ɗakunan baya aka haife ta. Tana 'yar shekara tara aka sayar da gidan, aka ba su kwana uku su kwashe komatsansu. Ba su sake taka layin ba. Yanzu tsohon yana kwance ba lafiya, ya ce ba abin da yake so sai ya ga gidan, ko da a hoto ne.

Ƙa'idar aikinmu ita ce ka tabbatar da lambar gida, ka nemi izini, sannan ka ciro kyamara. Ni kuwa na tsallake ta farko, don muna shiga layin Madam ta hango wani mangwaro ta ce in tsaya.

"Ga shi nan. Ko a mafarki na san bishiyar nan."

Mai gadi ya sanar da Alhajin gidan, Alhaji ya ce bismillah. Madam ta rungume bishiya tana kuka, ni kuma ina ta ɗauka, ina jin kaina gwani. Har kwanciya na yi a ƙasa don in kamo hasken da ke ratsa ganye. Hajiya ta kawo mana zoɓo mai sanyi, ita ma ta taya mu da 'yar ƙwalla.

Muna shirin tafiya sai mai lambu, wani tsoho mutumin Jigawa, ya ajiye tiyo ya ƙura wa Madam ido.

"Wai 'yar Ishaya kuku ce? Ai ba nan ne gidanku ba, yarinya. Na gaba ne."

Ashe gidajen layin duk tsari ɗaya aka yi musu. Muka leƙa na gaban, an rushe shi an gina otal, inda ɗakunansu suke kuwa janareta ne ke ta ruri. Madam ta kalle ni, na kalli kyamara. Kukan awa guda a gidan mutane, ga zoɓonsu mun shanye. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

A mota ta ce, "Malam, ba zan kai wa Baba hoton janareta ba. Wanke mini na mangwaron, ka ja bakinka ka yi shiru." Raina bai so ba, amma na wanke.

Bayan mako guda ta kira ni, dariya na neman shaƙe ta. Wai tsohon na ganin hoton ya ce, "Rahila, wannan ai gidan maƙwabta ne. Mangwaron da kike haura katanga kina sata ke nan. Sau nawa na je ba da haƙuri?" Ta ce rabonsa da irin wannan dariya tun kafin ya kwanta. Ya sa aka jingina hoton kusa da gadonsa. Nasu gidan kuwa, bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Tun daga ranar, sai na duba lamba nake ciro kyamara. Amma na daina gardama da wanda ya nuna mini wuri ya ce nan ne gida. Yaro ba ya riƙe lambar gida, inda ya sha daɗi yake riƙewa.